In an rufe mahaƙar kwal, ina mutanen garin za su nufa?

Sani_TudunWada
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni ga masanan cikinmu. Duk lokacin da aka yi taron sauyin yanayi sai ka ji ana cewa dole a daina amfani da kwal saboda shi ya fi kowane makamashi fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya, to ban musa ba. Amma ƙasa irin Afirka ta Kudu da wajen kashi 80 cikin 100 na wutarta daga kwal take samu, tana da mutum kusan 90,000 a aikin haƙarsa kaɗai, ga rashin aikin yi ya haura kashi 30, in an rufe mahaƙun nan da tashoshin nan ina mutanen za su? Ni dai a ganina talaka ake so ya biya bashin da ba shi ya ci ba. Mai wata fahimta ya zo mu ji.

Maman_Ihsan
Wa alaikumus salam. Don Allah kafin ku yi nisa, kwal ɗin nan gawayi ake nufi? Don in gawayi za a hana mu to a fara sauke kuɗin gas tukuna, ni da shi nake girki yanzu wallahi

Injiniya_Kb
Hajiya kwantar da hankalinki ba gawayinki ba ne, naki daga icce ake yin sa. Kwal wani baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, a niƙa shi ya zama gari, a ƙona a tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke ba da wuta. Ana kuma amfani da shi a kamfanin siminti da na ƙarfe. Mu a Najeriya wutar da ake raba mana daga iskar gas take da madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, shi ya sa da yawanmu ba mu ma taɓa ganin kwal da ido ba.

@Sani tambayarka tana kan hanya amma ka haɗa abu biyu. Akwai ma'aikacin da sunansa ke cikin takardar albashi, akwai kuma garin da ke cin abinci a jikinsa. Na farko yawanci ana yi masa wani abu, ko a mayar da shi wata tashar ko a ba shi kuɗin sallama. Na biyun ne ba mai ƙirga shi.

Alhaji_Jozi
Injiniya ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni a Johannesburg nake zaune, ina kai kayan sawa garuruwan lardin Mpumalanga, can ne cibiyar kwal ɗinsu, su Witbank da yanzu ake kira eMalahleni, su Middelburg, su Bethal da Ermelo. A hanya abin da za ka yi ta gani shi ne tireloli maƙare da kwal bi da bi, titin duk sun cinye shi, da manya-manyan bututun tashoshi suna fitar da hayaƙi.

Akwai wata tasha Komati, kamfanin wutarsu Eskom ya rufe ta ƙarshen Oktoban 2022, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 497 a kan za a mayar da wurin na sola da iska da batura, a kuma koya wa mutane sabuwar sana'a. Ma'aikatan Eskom na dindindin ba a kore su ba, an rarraba wasu zuwa wasu tashoshin. To amma su fa 'yan kwangila? Masu shara, masu gadi, masu walda, direbobin da ke kawo kwal, su kwangila tana ƙarewa shi ke nan. Sai mai abincin bakin get, sai mai ba da hayar ɗaki a bayan gidansa, sai mai tasi, sai ni mai kawo riga da wando ƙarshen wata. Irin wuraren nan ranar albashi kafin la'asar na karɓe bashin da nake bi, in tasha ta tsaya kuwa wanda kake bi bashi ma ba za ka same shi ba, ya tattara ya koma garinsu.

Bash_Fagge
To kun ji daga bakin ganau. Turawa sun gama gina ƙasashensu da kwal shekara sama da ɗari biyu, yanzu mu da ba mu kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba mu za a ce mu daina. Wannan rainin hankali ne kawai

Dr_Zee
Alhaji ban ƙaryata ka ba, abin da ka faɗa ma hukumar sauyin yanayi ta fadar shugaban ƙasarsu ta tabbatar da shi a rahotonta, cewa an makara wajen tuntuɓar mutanen gari kuma an rufe kafin a tanadi abin da zai maye gurbi. Amma a cika labarin. Komati tun shekarun 1960 aka gina ta, injina tara gare ta, lokacin da aka rufe ɗaya tak ke aiki. Ko babu maganar sauyin yanayi tsufa zai rufe ta.

Sannan ni ɓangaren lafiya nake, kuma kullum in ana irin wannan muhawarar sai a manta da huhun mutane. Yankin nan da Alhaji ke zuwa yana cikin wuraren da iskarsu ta fi gurɓata a duniya. A watan Maris na 2022 babbar kotu a Pretoria ta yanke hukunci cewa gurɓatar iskar yankin ta keta haƙƙin da tsarin mulki ya ba mazauna wurin, kuma ba Turawa suka kai ƙarar ba, ƙungiyoyin ƙasar ne har da ta mutanen unguwannin da abin ya shafa. Yaro ya tashi da asma, uba ya yi ritaya da ƙurar kwal a ƙirji yana tari har ya mutu, wannan ma asara ce, sai dai ita ba a sa ta a lissafin albashi.

Alhaji_Jozi
Likita gaskiyarki, in sanyi ya shigo wajen watan Yuni da safe warin ma kaɗai ya ishe ka. Amma na rantse miki da za ki tara matasan wurin ki ce su zaɓa tsakanin iska mai kyau da aiki, aiki za su ce. Ba don ba su san illar ba.

Ummi_Gwammaja
Gaba kura baya siyaki kenan. Allah ya kawo musu mafita

Malam_Tarihi
Bari in dawo da ku gida, don mu ma mun taɓa ganin mutuwar kwal, ba mu dai kira ta da wannan sunan ba. A 1909 aka gano kwal a Udi, saboda shi aka kafa garin Inugu, saboda shi aka ja layin dogo zuwa Fatakwal aka kammala a 1916. Jiragen ƙasan da suka yi ta jigilar gyaɗa daga Kano da kwal ɗin Inugu suke tafiya. Ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley saboda yajin aiki, abin da ya ƙara wa gwagwarmayar neman 'yancin kai wuta. A ƙarshen shekarun 1950 ana haƙo wajen tan 900,000 a shekara.

Me ya kashe shi? Ba taron ƙasa da ƙasa ba ne. An samu fetur a Oloibiri a 1956, reluwe ta koma injinan dizal, yaƙin basasa ya zo daga 1967 zuwa 1970 aka bar ramuka ruwa ya cika su. Daga nan abin bai sake tashi ba. Inugu ta tsira ne saboda hedikwatar gwamnati ce, akwai sakatariya akwai makarantu akwai kasuwa. Da a ce ƙauye ne da ba shi da komai sai mahaƙa da yanzu sai dai a nuna kufai.

Bash_Fagge
Malam to ai wannan hujjata ce. Mun bar namu a ƙasa mun zauna a duhu, Indiya da China ba su bari ba ga su can sun wuce mu

Malam_Tarihi
Ɗana Bash, ba rashin kwal ya sa mu a duhu ba. Gas ɗin da muke ƙonawa a banza a Neja Delta fa? Wanda ya kasa riƙe tashar gas da layin raba wuta ba na jin kwal zai riƙu a hannunsa.

Dan_Agadas
Sallama gare ku 'yan'uwa na Najeriya. Kuna ta zancen nesa alhali ga shi nan kusa da ku. Mu a jihar Agadas kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, daga kwal yake. Akwai kamfanin kwal na SONICHAR a Anu Araren kusa da Cirozerin, an kafa ta a 1975, tashar ta fara aiki farkon shekarun 1980, ƙarfinta bai kai megawat 40 ba amma ita ke ba ma'adinan yuraniyom na Arlit wuta, ita ke ba Agadas da Arlit da Cirozerin. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga wahala don wajen kashi 70 na wutar ƙasar daga wajenku take zuwa, mu na arewa ba a kan wancan layin muke ba. To ka zo ka ce wa mutumin Cirozerin a rufe wannan wuri don ceton duniya, wace duniyar? Hayaƙin da muke fitarwa a shekara wata tashar a China kafin sati biyu ta fitar da shi.

Kuma mun ga yadda rufewa take. COMINAK ta Akokan da aka rufe ƙarshen watan Maris na 2021, ita ba kwal ba ce yuraniyom ce kuma ƙarewa ya yi, amma darasin ɗaya ne. Ma'aikata wajen 600 an yi musu lissafin sallama, 'yan kwangila da yawansu ya kai haka ko ya fi su ne suka yi ta kuka. Ka shiga kasuwar Akokan bayan nan ka gani, mahauci da ke yanka raƙumi da awaki kullum ya koma yanka akuya ɗaya, masu kabu-kabu sun yi cirko-cirko, matasa da yawa sai suka nufi wuraren haƙar zinariya cikin sahara wasu suka tsallaka Aljeriya da Libiya.

Injiniya_Kb
@Dan_Agadas na gode da wannan, ka ga abin da na faɗa a sama kenan, takardar albashi da kuma gari. Kuma gaskiya ba wanda ke da hankali da zai ce a fara da SONICHAR. Rigimar ta manya ce, China kaɗai tana ƙona fiye da rabin kwal ɗin duniya.

Dan_Agadas
Ba a ce a rufe ba amma an rufe aljihu. Ga kwal a Salkadamna cikin jihar Tawa shekara da shekaru ana maganar gina babbar tasha, bankunan Turai sun daina ba da bashin kwal, China ma a 2021 shugabanta ya faɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa sun daina gina sabbin tashoshin kwal a ƙasashen waje. To da me za a gina?

Maman_Ihsan
Ni dai tunda ba gawayina ba ne na koma gefe ina karatu. Amma Dan Agadas an ce ku har girki kuke da shi ko?

Dan_Agadas
Eh Hajiya, akwai wanda ake gyarawa a sayar don girki, gawayin ƙasa muke ce masa, an kawo shi ne don a rage saran itace. Yana da wuyar kamawa amma in ya kama sai kin gama tuwo da miya bai mutu ba.

Aliyu_Ranchi
Ni ɗalibi ne a Indiya, a jihar Jharkhand, nan ne ma'ajiyar kwal ɗinsu. Abin da zan ƙara shi ne akwai mutanen da ko a cikin 'yan kwangila ba sa fitowa. In ka bi hanya da asuba za ka ga maza suna tura keke, ba hawa ba turawa, an ɗaure masa buhunan kwal ta ko'ina har ba ka ganin sirdin, mutum ya dafa kan keken da ƙirjinsa yana hawa tudu da silifas, tafiyar kilomita da yawa zuwa gari ya sayar wa masu shayi da masu gasa bulo. Mata da yara su ke tsinto kwal ɗin a gefen mahaƙa. A takarda aikinsu haramun ne, don haka ranar da aka zo rabon diyya babu sunansu ko ɗaya.

A Jharia kusa da Dhanbad wuta ke ci a ƙarƙashin ƙasa tun 1916 har yau, ƙasa na tsagewa hayaƙi na fita kusa da gidajen mutane, gwamnati ta gina musu gidaje a wani wuri amma da yawa ba sa son tashi saboda can babu abin yi.

Kuma @Bash_Fagge ka san wani abu? Ko ba a daina kwal ba aikin raguwa yake. Kamfanin gwamnatinsu Coal India a shekarun 1980 yana da ma'aikata sama da 600,000, yanzu ba su kai 250,000 ba alhali abin da ake haƙowa ya ninka sau da yawa, ƙasar ta haura tan biliyan 1 a shekara. Manyan injina sun karɓe aikin, sauran kuma an miƙa wa 'yan kwangila masu arha.

Bash_Fagge
Duk da haka sun ƙi yarda a taka su. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 ai Indiya ce ta tsaya kai da fata sai da aka sassauta matsayar daina kwal, kuma suka ce su sai 2070 za su daina ƙara wa duniya hayaƙi. Haka ake shugabanci

Aliyu_Ranchi
Haka ne, amma kuma suna shimfiɗa sola kamar ba gobe a Rajasthan da Gujarat. Matsalar ita ce solar tana yamma kwal yana gabas. Mai tura keke a Dhanbad ba shi zai samu aikin Rajasthan ba. Har jirgin ƙasansu ma kusan rabin kuɗin dakon kaya daga kwal yake, da shi ake rage wa talaka kuɗin tikiti, ka ga in an taɓa nan sai can ya motsa.

Injiniya_Kb
Wannan batu na Aliyu shi ne wanda masu cewa sola za ta samar da ayyuka ba sa son a tsaya a kai. Eh tana samarwa, amma yawanci lokacin gini ne, shekara ɗaya ko biyu an gama. Bayan nan filin sola mai girma mutum kaɗan ke kula da shi, masu wanke gilashi da masu gadi da 'yan injiniyoyi. Mahaƙa kuwa aiki ne na shekara talatin da fansho da asibiti da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi. A Afirka ta Kudu ma haka ne, rana ta fi kyau a Northern Cape wajen Upington, ɗaruruwan kilomita daga Mpumalanga. Abu ɗaya da yankin kwal ya fi kowa shi ne manyan layukan wuta suna nan a shimfiɗe, shi ya sa ake son a sa sabbin tashoshin a wurin tsofaffin.

Yar_Kakuri
Ni ban san kwal ba amma na san abin da ake nufi da a rufe wurin aiki a gari. Babanmu a wata masaƙa ya yi aiki nan Kaduna. Muna yara in aka busa jiniyar canjin aiki titin Kakuri ba wurin sa ƙafa, kekuna ne kamar me, mamanmu tana sayar da shinkafa da wake a bakin get tukunya uku take ƙararwa. Da aka rufe sai aka ce su je gida za a kira su a biya su haƙƙinsu. Baba yana da wata jakar leda da yake ajiye takardunsa a ƙarƙashin katifa, duk lokacin da aka ce ana tantancewa sai ya ɗauko ya goge takalmi ya tafi, har Allah ya karɓi ransa bai ga giratutinsa ba. Yayyena biyu dole suka bar makaranta ɗaya ya koma acaɓa.

Shi ya sa in na ji ana cewa za a koya wa ma'aikata sabuwar sana'a sai in yi dariya. Mutum mai shekara 52 da 'ya'ya takwas za ka zaunar a aji ka koya masa haɗa sola, in ya gama wa zai ɗauke shi ga yara 'yan shekara 25 suna layi?

Ummi_Gwammaja
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Wallahi kin sa ni hawaye

Sani_TudunWada
Amin. Anti Yar_Kakuri abin da nake tsoro kenan tun farko, a saki reshe a kama ganye. To wai kuɗin da aka ce ƙasashe masu arziki za su bayar fa, ina suka tsaya?

Lissafi_Dole
Bari in shigo nan don wannan fannina ne. A Glasgow a 2021 Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus da Tarayyar Turai suka yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5 don ta rage dogaro da kwal. A 2022 aka yi wa Indonesiya na biliyan 20, Vietnam biliyan 15.5, a 2023 Senegal yuro biliyan 2.5. A kanun labarai sai ka ɗauka kyauta ce. Ba kyauta ba ce, mafi yawa bashi ne, a na Afirka ta Kudu kyautar da ke cikin alkawarin farko ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Ko miliyan 497 ɗin Komati da Alhaji ya ambata, miliyan 10 ne kawai kyauta, sauran rance ne da za a biya.

To bashi yana tafiya ne inda za a samu riba a biya shi. Filin sola yana sayar da wuta ya biya bashinsa. Amma fanshon tsohon mahaƙi, ko cike ramin da aka bari, ko tallafa wa ƙaramar hukumar da harajinta ya faɗi, waɗannan ba sa dawo da ko sisi, don haka ba mai ba da bashi a kansu. Sannan a watan Maris na 2025 Amurka ta janye daga yarjejeniyar gaba ɗaya bayan Trump ya dawo.

Ku kwatanta da Jamus. Su da kansu sun ba wa kansu har 2038 kafin su daina kwal, suka ware yuro biliyan 40 don yankunan kwal ɗinsu kawai. Mahaƙarsu ta ƙarshe ta ƙarƙashin ƙasa a Bottrop sai Disambar 2018 aka rufe bayan an shafe gomman shekaru ana rage ma'aikata a hankali ana yi musu ritaya da wuri. Wace ƙasa ce a Afirka ke da wannan aljihun?

Bash_Fagge
Kuma Jamus ɗin nan da yaƙin Yukren ya tashi a 2022 gas ɗin Rasha ya yanke, ba su suka sake kunna tashoshin kwal ba? Har daga Afirka ta Kudu Turai ta yi ta sayen kwal a shekarar. In su suka ji sanyi halal, in mu muka ji duhu haram

Dr_Zee
Bash a nan kam ba ni da ta cewa, munafunci ne kuma kowa ya gani. Amma kar haushin Bature ya sa mu manta wa ke shan wahalar ɗumamar. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024, ga zafin da muke sha kafin damina. Ban ce duk sauyin yanayi ne ba, akwai sakacinmu na rashin gyaran madatsai da magudanai, amma ruwan da zafin ƙaruwa suke. Manomi a Haɗeja shi ma aikinsa ne ke tafiya in gonarsa ta nutse, shi wa ke ƙirga shi?

Malam_Tarihi
Kuma kar ku ɗauka Turawan ma sun iya. Ingila ta rufe tasharta ta kwal ta ƙarshe a ƙarshen Satumbar 2024, amma mahaƙanta tun bayan yajin aikin 1984 zuwa 1985 zamanin Thatcher aka watsar da su, garuruwan nan na arewacin Ingila da kudancin Wales har yau suna cikin mafi talauci a ƙasar. Shekara arba'in kenan, a ƙasar da ke biyan marasa aiki alawus.

Gombawa_01
Ina ta karantawa ban ce komai ba. A jiharmu akwai kwal a Maiganga cikin ƙaramar hukumar Akko, ana haƙa ana kai wa kamfanin siminti na Ashaka, a Kogi ma akwai wajen Ankpa. Wato yayin da duniya ke maganar fita mu yanzu muke shiga, saboda ya fi gas da baƙin mai arha wajen gasa siminti. Ni tambayata ba ta rufewa ba ce, ta buɗewa ce. Manomin da aka karɓi gonarsa aka ba shi diyya sau ɗaya, in kwal ya ƙare nan da shekara ashirin me zai koma wa? Gona ta zama rami. Ku je Jos ku ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, har yau suna nan. Kamata ya yi tun ranar da aka sa hannu a tilasta wa kowane kamfani ajiye kuɗin gyaran ƙasa a asusun da ba zai iya taɓawa ba.

Lissafi_Dole
A takarda ƙasashe da yawa suna da irin wannan dokar. Abin da ke faruwa shi ne babban kamfani in ya ga ƙarshe ya matso sai ya sayar wa ƙarami ya fice da sunansa fes. Vale ta Brazil ta sayar da mahaƙar Moatize ta Mozambik haɗe da layin dogonta kan dala miliyan 270, Anglo American ma ta ware mahaƙunta na kwal na Afirka ta Kudu ta mayar da su kamfani daban a 2021. Hayaƙi bai ragu ba, mai shi ne kawai ya canza. Ban ce waɗannan da suka saya za su gudu ba, amma a tsarin gaba ɗaya nauyin gyara yana gangarawa ne zuwa ga wanda aljihunsa ya fi ƙanƙanta.

Alhaji_Jozi
Wajen Ermelo akwai irin ramukan nan da aka gudu aka bari, matasa ke shiga da fitilar goshi da diga suna fito da kwal a buhu suna sayarwa a unguwa, zama zama ake ce musu. Rami na ruftawa da su. Kuma ku sani bayan abin Komati da ɗauke wutar da aka sha a 2023, wadda wata rana sai a yi awa goma babu wuta, gwamnati ta ɗaga ƙafa, tashoshin Camden da Grootvlei da Hendrina da aka shirya rufewa an ce su ci gaba har 2030.

Kb_Solar_Kano
Ni sana'ata haɗa sola ce, yara shida ke aiki a ƙarƙashina kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban zauna ba. Don haka in an ce babu aiki a sola ban yarda ba. Duk mai buƙatar inbata da batir ya yi mini magana ta inbox akwai ragi

Admin_Zaure
Malam Kb banda talla don Allah, ka san doka.

Injiniya_Kb
Hhh ba ni ba ne fa, wani Kb ɗin ne. Amma maganarsa da gaskiya a ciki, aikin sola na kan rufin gida ya fi na manyan filaye ɗaukar mutane. Sai dai yana inda masu kuɗin saye suke, Kano da Abuja da Legas. Garin da mahaƙa ta mutu wa zai sayi inbata?

Sani_TudunWada
To ni yanzu kun ƙara rikita ni. Da na shigo ina ganin zalunci ne kawai, yanzu Likita ta kawo maganar huhu, Aliyu ya ce aikin ma da kansa yake zaizayewa. Amma har yanzu ba wanda ya nuna mini gari ɗaya a ƙasa mai tasowa da aka rufe kwal mutanen suka fi da jin daɗi. In akwai a faɗa mini sunansa.

Dr_Zee
Ba ni da sunan da zan ba ka yau. Abin da zan ce shi ne ba a daɗe da farawa ba, Komati ita ce gwajin farko a nahiyar nan.

Yar_Kakuri
Gwaji a kan mutane masu iyali. A fara gina sabon wurin aikin mutum ya karɓi albashin wata uku a can tukuna, sannan a zo a sa kwaɗo a tsohon.

Lissafi_Dole
Anti wa zai biya albashin wurare biyu a lokaci ɗaya? Eskom bashin da ke kanta sai da gwamnati ta amince a 2023 za ta ɗauke mata rand biliyan 254.

Dan_Agadas
Ku dai ku ci gaba, ni kuran ya tafi kuma caji na ya kusa ƙarewa. Gombawa_01 in ka samu hali ka faɗa mana nawa ake sayar da buhun kwal ɗin a wajenku in ana sayarwa, ina so in gwada da farashin nan.